Yadda na gyara gwajin Biyuret da ya ƙi fitowa

Ranar Talata a ɗakin gwajin makarantarmu nan Katsina, na nemi furotin a madarar waken suya da gwajin Biyuret, wanda ke ba da launin shunayya idan akwai furotin, amma ruwan ya tsaya shuɗi, ya ƙi komawa shunayya. Na zargi madarar. Da na gwada farin ƙwai shi ma ya ƙi, sai na gane kofa salfet (shuɗin sinadarin tagulla da ake ɗigawa a gwajin) na cika, shuɗinsa ya danne launin.

Na sake: mililita 2 na madara, mililita 2 na sodiyam haidroksaid mai kashi 10, na girgiza, sannan ɗigo 3 kacal na kofa salfet mai kashi 1. Tagullar da ke cikin kofa salfet ba ta kama mahaɗin feftaid (mahaɗan da ke cikin furotin) sai a ruwan alkali, shi ne amfanin sodiyam haidroksaid ɗin. Cikin minti 5 shunayya ta fito sarai, alhamdulillahi.