Kurakuran masu neman satifiket na binciken kwamfuta da na gaji da gani

Kusan duk wata sai wani ƙane ya turo min saƙo: "Yaya, GCFA zan fara ko CHFI?" Duka biyun satifiket ne na binciken kwamfuta don gano shaidar laifi. In na tambaye shi ko ya taɓa ɗaukar kwafin faifan kwamfuta da hannunsa, ko da na tsohuwar laftof ɗin gidansu ne, sai in ji shiru. To bari in faɗa a nan sau ɗaya, in huta da maimaici.

Kuskuren da ya fi cin min kuɗi shi ne raina jarrabawar da ake shiga da littafi a buɗe. A jarrabawoyin GIAC, cibiyar da ke ba da satifiket irin su GCFE da GCFA da GCIH, ana barin mutum ya shiga da littattafansa da duk takardar da ya buga, ban da waya da kwamfuta. Da na ji haka sai na ce ai tuwona maina. Na ari fihirisar wani abokina da ya ci jarrabawar kafin ni, wato jerin kalmomi da shafin da kowace take a littattafan, na buga ta, na shiga GCFA ina taƙama. Tambaya 82 ce cikin awa 3, wato minti biyu da 'yan daƙiƙu kowace ɗaya, kuma a ciki akwai waɗanda za a buɗe maka kwamfuta ta gwaji a ce ka nemo amsar da kanka. A nan littafi ba ya ceton kowa. Fihirisar kuma da tunanin mai ita aka tsara ta: abin da nake nema a ƙarƙashin "Prefetch", wato bayanan da Windows ke ajiyewa kan manhajojin da aka kunna, shi ya ajiye shi a ƙarƙashin wani suna daban. Ina ta juya shafi, gumi na zuba, agogo na tafiya. Ana neman kashi 71 cikin ɗari, ban kai ba. Sai da na jira kwana 30, na sake biyan ɗaruruwan daloli, a lokacin da dala ba ta jin magana.

Yanzu ga yadda nake yi, kuma ban ce dole kowa ya bi ba. Ina karanta littafin sau ɗaya ba tare da rubuta komai ba. A zagaye na biyu nake gina fihirisa: kalma, lambar littafi, shafi, sai layi ɗaya na ma'anarta da bakina. Wannan layin shi ne sirrin, domin rabin tambayoyin a kansa nake amsawa ba tare da na buɗe littafi ba. Jarrabawar gwaji kuwa ba na taɓa ta sai fihirisa ta kammala, kuma ina yin ta da agogo, ƙofa a rufe. Duk kalmar da na nema na rasa, ranar nake ƙara ta.

Masu sayen ekspo a Telegram, ba ni da doguwar magana da ku. In an kama ku za a ƙwace satifiket ɗin, in ba a kama ku ba ranar ganawar ɗaukar aiki za ta tona.

Kuskure na biyu bai ci min kuɗi ba, mutuncina ya so ya ci, kuma ya faru ne bayan satifiket yana hannuna. Wani kamfani ya kira ni kan fayilolin da aka kwashe daga kwamfutar ofis. Na ciro lokutan daga faifan, na jera su da hoton kyamarar tsaro, sai ga wani ma'aikaci zaune a gaban kwamfutar daidai lokacin. Na rubuta rahoto har ina jin kaina. Allah ya taimake ni wani babba a sana'ar ya duba kafin a miƙa, ya tambaye ni abu ɗaya: "Wane agogo kake bi?" Tsarin NTFS da Windows ke ajiye fayiloli da shi yana ajiye lokaci ne da agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, mu kuma a Najeriya muna gaba da shi da awa ɗaya, kyamarar kuwa agogon gida take bi. Awa ɗayan nan ita ta ɗora laifi a kan bawan Allah da ya riga ya tashi daga kujerar. Na san wannan a littafi, na ma amsa shi a jarrabawa! Hannuna ne bai saba ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yaro ya haddace lambar 4624 da 4625 da 1102 na kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru a kwamfuta, amma bai taɓa zama ya jera abin da ya faru daga majiya uku mabambanta ba. Kai, ran mutum da abincin iyalinsa ne a ƙarshen wannan jerin. Tun daga ranar, layin farko na kowane rahotona yana faɗin agogon da na bi, kuma komai sai na mayar da shi UTC kafin in kwatanta. Filashi mai tsarin ajiyar fayiloli na FAT ma agogon gida yake rubutawa, a kula.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna yawan dawowa.

Ganin sunan fayil a Shimcache, wani jerin manhajoji da Windows ke ajiyewa, ba ya nufin an kunna shi. Nemi wata shaidar ta mara masa baya, kamar Prefetch, wanda daga Windows 8 zuwa sama yake riƙe lokutan kunnawa takwas na ƙarshe.

Kada ka iso wurin da aka yi kutse ka zare wayar wutar kwamfutar. Abin da ke cikin RAM, ma'ajiyar wucin gadi da ke gogewa in wuta ta ɗauke, ya tafi ke nan, kuma takardar ƙa'idojin tattara shaida ta RFC 3227 tun 2002 ta ce a fara da abin da ya fi saurin ɓacewa.

Kada ka jona faifan shaida ba tare da na'urar hana rubutu ba, kuma ka lissafa SHA-256, lambar da ke nuna ko wani abu ya canza a faifan, kafin aiki da bayansa.

GIAC na ba da kwana 120 daga ranar da aka buɗe maka damar zama jarrabawa. Mutane na barin ta sai saura mako biyu. Satifiket ɗin kansa shekara 4 yake yi, sabuntawa na buƙatar maki 36 na ci gaba da karatu, kuma ba a tara su a wata ɗaya.

Sai maganar kuɗi. Kwas ɗaya na SANS, cibiyar da ke koyar da darussan jarrabawoyin GIAC, ya haura dala dubu takwas. Na ga wanda ya sayar da fili don shi alhali bai taɓa buɗe manhajar bincike ta Autopsy ba, wadda kyauta ce, haka Volatility da FTK Imager da kayan aikin Eric Zimmerman. Faifan gwaji kuma suna nan a shafin CFReDS na hukumar NIST ta Amurka. Ni dai nakan ce a yi wata shida a kansu, a gwada satifiket ɗin BTL1 mai jarrabawar aiki ta awa 24, sannan a nemi wurin aiki ya biya kuɗin babban kwas ɗin. Satifiket ɗin EnCE kuwa na manhajar bincike ta EnCase ne. In ba ta a ofishinku, me za ka yi da shi?

Abu na ƙarshe, satifiket ɗin nan duk na ƙasashen waje ne, ba su koyar da dokarmu. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar da ke bayyana yadda kwamfuta ta samar da shaidar da aka kawo kotu, kuma a shari'ar Kubor da Dickson ta zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ce takardun da aka bugo daga intanet ba su karɓu ba saboda ba a cika sharuɗɗan wannan sashe ba. Gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet a 2024 kuma ya rage wa'adin kai rahoton kutse daga kwana 7 zuwa awa 72. Na buga sassan biyu na liƙa su a bayan fihirisata, duk da na san babu mai tambayata su a ɗakin jarrabawa.