Yadda Ake Dasa Tsire-tsire Masu Daɗewa a Ƙarƙashin Mangwaro ko Darbejiya

Masu gida da yawa suna ɗauka cewa inuwa ce ke kashe duk abin da aka dasa a gindin mangwaro ko darbejiya, alhali ƙishi ne ya fi yin ɓarnar. Yawancin ƙananan saiwoyin da bishiya ke shan ruwa da su suna cikin santimita 30 na saman ƙasa, kuma sukan bazu har su wuce inda rassa suka tsaya, saboda haka sabon dashe yana raba kwano ne da wanda ya fi shi ƙarfi.

Da farko a zaɓi abin da ke jure inuwa. Moda, wato tsiron nan mai dogayen ganye masu kauri kamar takobi, ta fi kowanne haƙuri da fari, na'a-na'a tana yi idan ba a bar ta da ƙishi ba, citta da gangamau da gwaza kuwa suna son inuwa mai ratsin rana. A nemi ƙananan dashe, domin ramin da suke buƙata bai wuce zurfin taƙi ɗaya ba.

Sai haƙa, wanda a nan ne ake yawan kuskure. A ja da baya kamar mita ɗaya daga gindin, a ajiye fartanya, a tona da ƙaramin dagi ko da hannu har a sami gurbi tsakanin manyan saiwoyi. Siraran da suke kamar zare babu laifi idan sun tsinke, za su sake tohowa. Amma idan aka ci karo da wadda ta kai kaurin yatsu biyu, a mayar da ƙasa a matsa gefe. Kada kuma a jibge ƙasa mai yawa a kan saiwoyin don a yi kunya, saboda suna buƙatar iska, kuma bishiyar na iya ɗaukar shekaru kafin ta nuna cewa an cutar da ita. Citta da gangamau, tun da sai an tone su ranar girbi, sun fi dacewa da bakin inuwa, ko kuma a sa su cikin buhu a ɗora kan duwatsu don kada saiwar bishiya ta kutsa ta ƙasa.

A zuba ruɓaɓɓen taki cikin kowane rami, a dasa da faɗuwar damina, sannan a rufe da busassun ganye kaurin santimita 5 ba tare da sun taɓa jikin bishiyar ba. A riƙa ɗaga ganyen ana duba gara.

Ko ana tsakiyar damina, a tura yatsa cikin ƙasa, domin ganyen mangwaro kan tare yayyafi ƙasan ya zauna a bushe. A shekarar farko, musamman da hunturu da bazara, a ba kowane dashe ruwa a gindinsa sannu a hankali har ya ratsa, maimakon a watsa ko'ina. Idan citta ta bushe da rani kada a tone ta da zaton ta mutu, za ta toho da saukar ruwan sama.