Darasi Na 9: Kwalliyar Ɗaki Don Kirsimeti

Ranar 25 ga Disamba ake bikin Kirsimeti, ranar da Kirista ke tuna haihuwar Yesu Almasihu a Baitalami. A ƙasarmu wannan rana tana faɗowa ne a tsakiyar hunturu. An gama girbi, kara na zube a gona, iska na kaɗawa, ƙura ta rufe ko'ina, leɓe da kaushin ƙafa duk sun tsage. 'Ya'yan da ke aiki a Legas da Abuja da Fatakwal sun kamo hanyar gida. Maƙwabta ma za su shigo yin barka, Kirista da Musulmi, a zuba musu shinkafa da nama da cincin, kamar yadda su ma ke aiko mana da tuwon sallah. Ɗakin da zai karɓi wannan jama'a yana bukatar gyara.

Wata shekara da muka zo wannan darasi a ajinmu, wata dattijuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ni fa ba ni da kuɗin bishiyar roba da fitilun nan masu ƙyalƙyali." Na ce, "Mama, akwai kara a gonarki?" Ta ce, "Har ya yi mini yawa." Na ce, "Laka fa?" Ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, laka ai ba a sayen ta." To, da kara da laka da tsohuwar takarda za mu yi yawancin aikin yau.

Tsintsiya kafin ado

Kada ki rataya komai sai kin share. Ki fara mako 2 kafin bikin. Ki fitar da kaya tsakar gida, gado da akwati da kujeru. Ki ɗaura tsintsiya a dogon sanda ki kaɗe yanar gizo daga sama, sannan ki sauko bango, ƙasa ce ta ƙarshe. Wanda ya fara share ƙasa, aiki biyu zai yi. Ki yayyafa ruwa kaɗan kafin shara, ki kuma ɗaure hanci da kallabi, domin ƙurar hunturu na sa tari da mura. Labule da zanen gado da rigunan kujera duk a wanke. Wannan ɗaya daga cikin alherin hunturu ke nan: shanyar safe ta bushe kafin azahar.

In bango ya yi baƙi da hayaƙi ko da hannun yara, fenti ba dole ba ne. Iyayenmu da farar ƙasa suke shafe. Ki jiƙa ta a bokiti ta kwana, ki dama, ki tace da rariya don fitar da tsakuwa. Ki jiƙa ƙaro kaɗan ki zuba a ciki, shi ke hana ta kama rigar wanda ya jingina. Wasu na ɗiga bula irin ta wanki, farin ya ƙara fitowa. Ki shafa da tsumma ko burushi. Lokacin da take jiƙe za ki ga kamar ba ta yi ba, kada ki damu, sai ta bushe take nuna kanta. Shafi 2 marasa kauri sun fi shafi 1 mai kauri, domin mai kaurin ɓarewa yake yi. Daga ƙasa zuwa tsayin gwiwa ki ja layi da jar ƙasa, wurin da dauɗa ta fi kamawa ke nan. Mai daɓen ƙasa kuma ta yayyafa ruwan makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, daɓen ya yi ƙarfi ya yi sheƙi.

Wanda ya taɓa zuwa Wusasa kusa da Zariya ya ga tsohon cocin Angilikan da aka gina da ƙasa a 1929, irin ginin Hausa, yana nan tsaye har yau. Ginin ƙasa ba abin kunya ba ne, shafe kawai yake so.

Bayan haka ki dubi abin da kike da shi tun da. Kwanukan jere, tasoshi, samira, faifai masu launi, ƙwaryar da aka yi wa zane, sabuwar tabarma. Ki wanke su da toka ko sabulu, ki sake jera su. Faifai 3 ko 5 a bango guda, manya a tsakiya, ƙanana a gefe, sun isa su sauya fuskar ɗaki.

Bishiyar Kirsimeti

Wannan al'ada daga Jamus ta fito, fiye da shekara 400 da suka wuce. Can ƙanƙara ke zuba a Disamba, itatuwa su kaɗe ganye, sai wata irin bishiya mai tsinin kai da ba ta rabuwa da ganyenta, ita suke sarowa su shigar ɗaki. A 1848 wata jarida a Landan ta buga hoton Sarauniya Biktoriya ta Ingila da mijinta, wanda Bajamushe ne, da 'ya'yansu kewaye da irin wannan bishiya. Daga nan mutane suka yi ta kwaikwayo. Littafi Mai Tsarki bai ce a kafa bishiya ba. Ado ne kawai, wanda ya so ya yi, wanda bai yi ba bai yi laifi ba, kuma a ganina ba abin da za a ci bashi a kansa ba ne.

In kina so, ga hanya mai sauƙi. Ki samo busasshen reshe mai 'yan rassa da yawa, tsayinsa kamar daga ƙasa zuwa ƙugu. In mai ƙaya ne, ki cire ƙayar saboda idon yara. Ki shafa masa ragowar farar ƙasar nan. Ki cika babban gwangwanin madara ko tsohon bokiti da yashi, ki kafa reshen, ki danne da duwatsu don kada ya faɗi. Ki naɗe gwangwanin da ƙyallen atamfa. Sai rataye-rataye: ledar alewa mai sheƙi, murfin kwalba da aka naɗe da takarda, kwalliyar zare, 'yan ƙananan taurari. Wasu na manna auduga a rassan don ta yi kama da ƙanƙarar Turai. Ni dai ban ga dalili ba, mu da farinmu na hazo ne, ga shi auduga da wuta ba sa ga maciji.

Sarƙar takarda, da ɗan lissafi

Ki tara takardu masu launi: tsohuwar kalanda, takardar naɗe kyauta, ko farar takarda da yara suka shafa wa launi. Ki yanka su tsiri-tsiri, faɗin yatsu 2, tsawon taƙi 1. Gam kuwa a murhu ake yin sa. Ki dama cokali 2 na sitaci ko fulawa a kofin ruwa, ki ɗora a wuta kina juyawa har ya yi kauri kamar koko, ki bari ya huce. Ki lanƙwasa tsiri ɗaya ya zama zobe, ki manne bakinsa. Ki zura na biyu a cikin na farko, ki manne. Haka za ki yi ta yi.

Zobe 20 na ba da kamar mita 1. A ce daga wannan kusurwa zuwa waccan mita 4 ne. Sarƙa ba ta kyau in ta miƙe kamar igiyar shanya, tana son ta ɗan yi ciki, don haka ki ƙara mita 1, ya zama mita 5. Zobe nawa ke nan? 20 sau 5, wato 100. Wannan aikin jikoki ne, a zaunar da su da dare ana hira ana ƙirga. Amma almakashi ya zauna a hannun babba.

Tauraro da komin dabbobi

Nan ne zuciyar adon. A Matiyu sura 2 an ba da labarin masana taurari da suka taso daga gabas suna bin tauraro har Baitalami. Ki yanko sillen kara guda 5, tsawonsu ɗaya. Ki haɗa bakin biyu ki ɗaure da zare kamar kan bukka, ki ci gaba da gitta sauran kina ɗaure baki da baki, har tsini 5 su fito. Karon farko zai karkace, kowa haka ya fara. Ki ɗaure wuraren da karan suka gitta a tsakiya, zai daidaita. Ki lulluɓe shi da takarda mai sheƙi ko ki bar shi da launinsa na kara, ki rataya a saman ƙofa.

A Luka 2:7 an ce Maryamu ta haifi ɗanta, ta naɗe shi da zane, ta kwantar da shi a komin dabbobi, domin ba su sami wuri a masauki ba. Wani bawan Allah mai suna Faransis, mutumin Asisi a Italiya, ya shirya kwatancin wannan wuri a wani ƙauye da ake kira Gireciyo a 1223, da ciyawa da sa da jaki na gaske, don talakawan da ba su iya karatu ba su gani da idonsu. Har yau 'yan Katolika ba sa Kirsimeti ba tare da shi ba, wasu ikilisiyoyin ma suna yi.

Mu ba sai an kwatanta mana komi ba, muna zuba wa awaki dusa a cikinsa kullum. Ki ɗauki kwali ko faranti babba, ki zuba yashi. Ki kafa kara 4 a matsayin dirkoki, ki yi 'yar rumfa da busasshiyar ciyawa. Yaran da suka iya ƙera motar kara su ne gwanayen wannan aiki, a ba su. Da laka za su gina tumaki da jaki da makiyaya da Yusufu da Maryamu, a shanya a inuwa kwana 2 ko 3. In aka sa su a rana ko a bakin iska, tsagewa za su yi. A ɗaura musu ƙyallayen da tela ya zubar. Na taɓa ganin wanda aka sa wa makiyayin malfa da sanda a kafaɗa kamar Bafulatani, jakin kuma kunnensa ɗaya ya karye an liƙa da ƙaro. Baƙin da suka shigo gidan ran nan ba wanda ya kalli bishiyar roba da ke gefe.

Ki rubuta da hannunki

Tunda kin koyi rubutu, bana kada ki sayi takardar barka da aka buga. Ki yanka kwali gida 16, kowane da harafi ɗaya, manya-manya: BARKA DA KIRSIMETI. Ki huda su, ki zura a zare, ki bar fili tsakanin kalma da kalma. Ki duba sosai kafin ki rataya, harafin S da K sukan juya baya a hannun sabon marubuci.

Wuta

A hunturu komai ya bushe, kuma duk abin da muka lissafa a sama abincin wuta ne: kara, ciyawa, takarda, auduga. A gidan wata ƙanwar mahaifiyata an taɓa kunna kyandir a kan taga daren jajibere, aka tafi coci waƙa. Iska ta turo labule. Allah ya sa maƙwabci ya hango hayaƙi, amma katifa da akwatin kayan bikin yara duk sun tafi.

Kada kyandir ko aci-balbal ya kusanci komin dabbobi, ko labule, ko sarƙar takarda. In dole ne kyandir, a kafa shi a cikin kwano mai yashi, a kashe kafin a fita ko a kwanta. Fitilun ado na lantarki kuwa, ki bi wayar da yatsa tun daga kai har gindi kafin ki jona. In ta ɓare ko ɓera ya ci, ki yar. Ki kunna na ɗan lokaci ki taɓa ƙwan, in ya yi zafi kada ya taɓa takarda. Masu batir ko masu cajin rana sun fi kwanciyar hankali. Kada a cusa talabijin da dutsen guga da fitilu duk a soket ɗaya. In an ɗauke wuta, a kashe komai a bango, domin ba a san da ƙarfin da za ta dawo ba. Janareta a waje yake zama, nesa da taga. Hayaƙinsa na kisa cikin barci, haka ma kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe ruf saboda sanyi. Balan-balan da ta fashe a tsince ta nan take, jariri na iya haɗiye ta ta toshe masa numfashi.

Yawanci ana sauke ado ranar 6 ga Janairu. Tauraro da haruffa da 'yan tumakin laka a naɗe su a leda, a sa a kwali, a ɗora a sama inda gara ba za ta kai ba.

Karatu da rubutu

Karanta waɗannan da ƙarfi, ki lura da ƙugiyar harafi: kara da ƙara, kura da ƙura, kaya da ƙaya, karo da ƙaro. Wanne ne ke cika ɗaki a hunturu, wanne ne ke cin akuya? Rubuta jimla ɗaya da kowace kalma.

Me ya sa ake fara shara daga sama? Me ake zuba wa farar ƙasa don kada ta kama riga? In takarda 1 na ba da tsiri 10, takarda nawa ake bukata don zobe 100?

Aikin gida: auna ɗakinki daga kusurwa zuwa kusurwa, ki rubuta adadin a littafinki, ki lissafa zoben da zai ishe ki. Mako mai zuwa kowa ya zo da sillen kara 5 da zare.