Kafin a ci laimar kwaɗi

'Yan uwa, damina ta kankama a Legas, laimar kwaɗi ta cika gonakin Ikorodu da Epe. Mai koyo, don Allah kada ka dogara da hoto ɗaya wajen gane wadda ake ci. Tono ta har gindi, ka ɗauki hoton samanta, ƙasan hular, da wurin da ta tsiro: jikin suri ne ko ruɓaɓɓen itace? Kife hular kan farar takarda ta kwana. In ka tarar da gari kore-kore da safe, mai guba ce, zubar. Wata gubar ba ta nunawa sai bayan awa 6, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Kai wa Yarabawa masu sayar da olu, wato laimar kwaɗi da Yarabanci, su duba da idonsu.