Hanyar Dempster da iyali a mota mai ɗakin kwana: kurakuran da aka fi yi

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya saba hanya ba ta rasa mutum. Taya ta yi faci, akwai mai faci a ƙauyen gaba. Mai ya ƙare, ga 'yan bumburutu da galan a bakin titi. Yunwa ta taso, ga mai shayi, ga mai tsire. Wannan sabon shi ne yake fara kayar da 'yan'uwanmu mazauna Kanada idan suka ɗauki hayar mota mai ɗakin kwana, suka kwashi uwargida da yara suka nufi hanyar Dempster. Yawancin kurakuran da zan ambata daga magana ɗaya suke fitowa: "ai za mu samu a gaba."

Hanyar tana farawa ne kimanin kilomita 40 gabas da garin Dawson City a yankin Yukon, ta miƙe arewa fiye da kilomita 730 har garin Inuvik. An buɗe ta a 1979, kuma kusan dukkanta burji ce. A 2017 aka ƙara wata mai kilomita 138 daga Inuvik zuwa Tuktoyaktuk, inda mota take tsayawa a bakin Tekun Aktik. Tafiya ce da yaro zai girma yana tunawa, shi ya sa nake jin zafi idan na ga ta lalace saboda abin da za a iya gyarawa tun a gida.

Kuskuren farko a ofishin haya ake yin sa. Mutum ya sa hannu a takarda bai karanta ba, alhali kamfanoni da dama sun hana a hau Dempster da motarsu, wasu kuma sai an biya ƙarin kuɗi. Wanda ya hau ba izini, in abu ya faru, inshora ba ruwanta da shi, kuma kuɗin janyo mota mai nauyi daga tsakiyar dajin nan ba ƙarami ba ne. Ka kira sunan hanyar, ka nemi amsa a rubuce. Ka tambaya ko inshorar ta haɗa da gilashin gaba da tayoyi, domin su biyun ne suka fi shan wuya. Kada ka bar harabar sai ka ga tayar ajiya da idonka, ka san inda jak yake, ka tabbata akwai sifanar da za ta kwance notin. In za a ba ka taya biyu, karɓi. Duwatsun wasu sassan hanyar kaifi gare su kamar wuƙa. A nan ne kuma za ka gwada kujerun yara, don ba kowane mazauni na cikin motar ba ne yake da bel ko maɗaurin da kujerar jariri take bukata. Yaro ba ya kwanciya a gado mota na tafiya, komai kukansa.

Sai maganar mai. Daga bakin hanyar zuwa Eagle Plains, wani ɗan zango mai gidan mai da masauki, kusan kilomita 370 ne, babu gidan mai ko ɗaya a tsakani. Motar nan kuwa ba ƙaramar motarka ta zuwa aiki ba ce. Gida take ɗauke da shi, ga tankin ruwa, ga hawan duwatsu, ga iska tana bugunta. Ka cika tanki a Dawson, ka sake cikawa a Eagle Plains ko da kana ganin saura da yawa, haka ma a garin Fort McPherson da ke gaba. Jarkar ajiya tana da amfani, amma a ɗaure ta a waje, ba inda yara suke numfashi ba.

Abin da ya fi jawo haɗari shi ne lissafin lokaci. Maigida ya duba taswira a waya, ya raba kilomita da gudun da ya saba yi a kwalta, ya ce da yamma mun isa. Daga nan gaggawa ta shiga, kuma sauri ya haifi nawa. An gina hanyar ne a kan tudun tsakuwa mai kauri, saboda ƙasar da ke ƙarƙashi daskararriya ce shekara da shekaru, in zafi ya taɓa ta sai ta narke titin ya nutse. Don haka titin a sama yake, gefensa kuma da laushi, ba shinge. Mota mai tsawo da nauyi in tayarta ta dama ta faɗa wannan laushin da gudu, ba ta dawowa da sauƙi. In ka hango ƙurar tirela, rage gudu tun daga nesa, matsa dama kaɗan a hankali, bar ta ta wuce. Gudunka ne yake ƙara wa tsakuwar da ta watso ƙarfin fasa gilashi. In ruwa ya sauka, burjin yana zama santsi kamar an shafa masa sabulu, musamman da yake ana zuba masa wani sinadarin gishiri don kwantar da ƙura. A irin wannan rana ni dai shawarata a tsaya a sansani, wato wurin da aka ware wa matafiya don kwana, a dafa abinci, a bar hanya ta sha iska. Fitilun gaba a kunne ko da tsakar rana. Akwai kuma wuraren da titin kansa filin saukar ƙananan jiragen gaggawa ne, da alluna a jiki. Ba wurin tsayawa ɗaukar hoto ba ne. Da yara, a ba zuwa kwana uku, dawowa kwana uku. Sansanin Tombstone, wajen kilomita 70 daga farkon hanya, ya cancanci kwana guda shi kaɗai.

Mutane da yawa ba su san hanyar tana yankewa sau biyu ba. Babu gada a kogin Peel, babu a kogin Mackenzie. Jirgin fito ne yake ƙetarar da motoci, kyauta, daga wajen watan Yuni zuwa Oktoba. Da hunturu a kan ƙanƙara ake bi, sannan akwai makonni a tsakani, lokacin narkewa da lokacin daskarewa, da ba a ƙetarewa sam. Ko a tsakiyar bazara, in ruwa ya cika, jirgin Peel yana iya tsayawa, gobarar daji ma takan rufe hanya. A duba halin hanya a Dawson da Eagle Plains kafin a tashi. Wajen hawa jirgin a bi umarnin ma'aikata sannu a hankali, saboda bayan motar dogo ne, yana iya gogar ƙasa. Kuma da bazara, da zarar an ƙetare iyakar Yukon an shiga yankin Northwest Territories, agogo yana ƙaruwa da awa ɗaya.

Yanzu ga abin da ba ya cikin lissafin kowa sai an je: rana ba ta faɗuwa. Bayan an wuce layin Aktik, wato iyakar yankin can ƙuryar arewacin duniya, kusa da kilomita 405, haske yana kwana a tsakiyar bazara. A Inuvik rana takan yi kwana 56 a jere ba ta ɓuya ba. Yara ba sa yarda dare ya yi, uwa ta kasa barci, direba kuma ya ga gari da haske ya ci gaba da tuƙi har ƙarfe ɗaya na dare bai san gajiya ta cinye shi ba. Maganin shi ne a bi agogo, a daina bin ido. A tsayar da lokacin kashe mota da lokacin kwanciya, a rufe tagogi da baƙin ƙyalle ko takardar alminiyam. Maganar salla ma haka. Manhajar waya tana rikicewa a can, ta ba ka lokutan da ba su da kan gado. Malamai sun yi bayani tun da daɗewa: wasu sun ce a bi lokutan gari mafi kusa da dare da rana suke rarrabuwa, wasu sun ce a bi na Makka. Kuskuren shi ne a bar tambayar sai an tsaya a daji babu sabis. Ka tambayi malaminka tun kana gida, ka rubuta lokutan a takarda ka manna a jikin firij. In kun isa Inuvik akwai masallaci, wanda aka ƙera a birnin Winnipeg na kudancin Kanada aka ɗauko shi a tirela da jirgin ruwa, tafiyar dubban kilomita, ya iso a 2010. Ku kai yara su yi salla a ciki.

Ruwa ma da lissafinsa. Sansanonin gwamnatin Yukon ba su da famfon da ake jona wa mota, ba su da lantarki, sai dai itacen hura wuta. Iyali mai alwala sau biyar, da wanke-wanke da wankan yara, zai ga tanki ya ƙare a kwana biyu in an saki famfo. A yi alwala da buta. Tankin bahaya kuma ba a juye shi a daji. Akwai wuraren da aka tanada, a tambaya a Dawson da Inuvik. Naman halal a taho da shi daga babban gari, a haɗa da shinkafa, garin kwaki da abincin gwangwani na ƙarin kwana uku, don abinci a arewa da tsada. Amma kilishi da dambun nama da man suya ƙamshinsu yana kai wa beyar, wata babbar dabbar daji mai haɗari, kuma yankin nasu ne. Kada a bar tukunya ko shara a waje, kada yaro ya yi nisa shi kaɗai. Sauron watan Yuni da Yuli ba ya kawo zazzabin da muka sani, amma yawansa yana hana yaro fita, sai da riga mai dogon hannu, maganin shafawa da ragar fuska. A ɗauki rigunan sanyi ko a watan Yuli ne.

Waya ba ta aiki a mafi yawan hanyar. A sauke taswira tun da wuri, a yi hayar na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, a gaya wa wani a gida ranar da ya kamata ya ji daga gare ku. Maganin da wani yake sha kullum a ninka yawan da za a tafi da shi.

Fort McPherson da Tsiigehtchic garuruwan Gwich'in ne, Tuktoyaktuk na Inuvialuit, dukkansu ƙabilu ne 'yan asalin yankin. In kun ga rumfar shanya kifi a bakin ruwa, abincin gidan wani ne. A yi sallama, a nemi izini kafin a ɗaga kyamara, a tambayi inda aka yarda baƙo ya ajiye mota ya kwana. Daga bakin tekun nan kuma babu wata hanyar komawa sai wadda kuka biyo, da jiragen fitonta biyu da burjinta duka. Wanda ya sa ranar mayar da mota a Whitehorse, babban birnin Yukon, da ranar tashin jirgin sama kusa da kusa, shi ne zai yi gudu a kan santsi ranar dawowa. A bar kwana biyu a tsakani tun lokacin yankar tikiti.