Darasi na 7: Bakin da ke ci da hannun da ke nema

Mu fara da rumbu, tunda kowa ya san shi. A ce gonar wani magidanci tana ba da dami 120 na gero in damina ta yi kyau, kuma mutum 6 ne a gidan. Ku raba 120 gida 6. Kowa ya tashi da dami 20. Shekaru suka ja, samari suka yi aure, gida ya koma mutum 12, gonar kuwa ko kunya ɗaya ba ta ƙaru ba. Dami nawa kowa zai samu yanzu? Ku rubuta amsa kafin mu ci gaba.

Irin wannan lissafin ƙasa take yi, shi ya sa ake ƙidaya. A ƙidayar 1963 an samu mutum kusan miliyan 56 a Najeriya, a ta 2006 kuma miliyan 140. Yau an haura miliyan 200. A Nijar an ƙirga miliyan 7 a 1988, miliyan 11 a 2001, miliyan 17 a 2012.

Ga wata dabara mai sauƙi. In jama'a na ƙaruwa da mutum 3 a kan kowane 100 a shekara, a raba 70 da 3, za a samu kusan 23. Wato bayan shekara 23 jama'ar ta ninka. Ƙidayar Nijar ta 2012 ta nuna ƙaruwar ta kusa 4 a kan kowane 100, ke nan in aka yi lissafi da wannan adadi, kafin jaririn da aka raɗa wa suna bana ya cika shekara 18, ana bukatar ninkin rijiyoyi, azuzuwa da gadajen asibiti don kawai a tsaya inda ake.

Me ya kawo ƙaruwar? Babban dalili shi ne yara sun rage mutuwa. Tsofaffin ajin nan sun tuna lokacin da ƙyanda ke shiga unguwa ta kwashe yara a mako guda. Agana kuwa tun 1980 aka tabbatar ta ƙare a duniya. Wannan abin godiya ne, kada kowa ya ɗauke shi matsala.

Mukan ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, kuma na yarda da haka. Amma ta hannun wani abincin ke bi kafin ya kai bakin. A Nijar kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba. In masu nema kaɗan ne, masu jira da yawa, duk abin da aka samu a tukunya yake ƙarewa, babu rarar sayen taki, balle jarin sana'a ko kuɗin makaranta.

Bari mu leƙa Bangaladesh, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, manoman shinkafa, ga ƙarancin fili, ga ambaliya. A farkon shekarun 1970 mace takan haifi 'ya'ya fiye da 6. A 1977, a wani yanki da ake kira Matlab, aka horar da matan ƙauyukan su kansu, suna shiga gida-gida duk mako biyu. Su zauna da matar gida a tsakar gidanta, su yi mata bayanin tazarar haihuwa, daga baya aka haɗa da rigakafin yara da ruwan gishiri da sukari na gudawa. Ba a tilasta wa kowa ba. A 1994 gwamnati ta fara biya wa 'yan matan karkara kuɗin sakandare, tare da ɗan alawus, bisa sharaɗin su riƙa zuwa aji kuma a jinkirta aurensu har su gama. Yau haihuwa a can ta sauko wajen 'ya'ya 2 ga kowace mace, kuma masana'antun ɗinkin tufafi sun ɗauki mutum kusan miliyan 4, da yawansu mata. Talauci bai ƙare a can ba. Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne, sai da uwa ta ga ɗanta yana rayuwa sannan hankalinta ya kwanta ta huta.

Inda aka sa ƙarfi kuwa, an yi kuka. A Indiya, tsakanin 1975 da 1977, an yi wa miliyoyin mutane aikin hana haihuwa, da yawa bisa tilas, gwamnatin Indira Gandhi ta faɗi zaɓen 1977. Sin ta yi dokar ɗa ɗaya daga 1980 zuwa 2015, yanzu tsofaffi sun yi mata yawa, tana roƙon a haifi 3.

Tazara ba baƙuwarmu ba ce. Iyayenmu sun san kwanika, sun san yadda take rame yaro, ta bar uwa ba jini. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki. Magana ce ta miji da mata, su shawarta, su je asibiti tare su yi tambaya.

Aikin gida: ku rubuta sunayen mutanen gidanku da shekarunsu. Ku ja layi a ƙarƙashin duk wanda ke kawo abinci ko kuɗi, har da mai ƙuli-ƙuli ko kitso a cikin gida. Ku ƙirga masu layi, ku ƙirga marasa layi, ku zo da lambobin biyu ranar darasi na gaba.