Yadda ake kula da idon ɓeran Masar a lokacin hunturu

Duk wanda ke kiwon ɓeran Masar a Maradi ya kamata ya riƙa duba idanunsa kowace safiya, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ke turnuƙe gari da ƙura. Asalinsa daga tsaunukan Andis na Kudancin Amurka yake, idanunsa sun ɗan fito waje, ba ya yawan ƙiftawa, kuma sau da yawa ido buɗe yake barci, shi ya sa ƙura da tsinke ke saurin yi masa illa.

Idan aka ga wani farin ruwa kamar madara a gefen idonsa, ya sa ƙafar gaba ya shafe fuska da shi, to wanka yake yi, lafiyarsa ƙalau. Abin damuwa shi ne kwantsa mai kauri, ko jan ido, ko ya runtse ido ɗaya yana ta sosawa, ko ƙwayar ta yi hazo mai shuɗi-shuɗi.

Mafi yawan lokuta tsinken harawa ko ƙaiƙayi ne ya maƙale ƙarƙashin fatar ido. A naɗe shi da tsumma mai tsabta, a ɗora shi bisa cinya, a buɗe fatar a hankali, sannan a ɗiga ruwan gishirin wanke ido mai kashi 0.9 cikin ɗari da ake sayarwa a farmasi. Kada a sa farce ko tsinke, kada a zizara masa kwalli. Idan idon bai buɗe ba, a kai shi wurin likitan dabbobi ran nan, domin gyambon ƙwayar ido ba ya jira. Akwai wani rini da likita ke ɗigawa ya nuna inda raunin yake. Maganin ɗigon mutane mai kotizon yana ƙara ɓata gyambo, haka kuma penisilin da amoksisilin na iya kashe shi, don haka ban yarda a ba shi ragowar maganin gida ba.

Ido mai yawan hawaye ko wanda ya bulluƙo yana iya zama matsalar haƙori, tunda haƙoransa ba sa daina tsiro.

A kakkaɓe harawa kafin a ba shi, a ajiye ta ƙasa inda ba za ta tsokane masa ido ba, a sauya shimfiɗa kafin zarnin fitsari ya taru, a kare kejin daga iska da hayaƙin murhu. Jikinsa ba ya haɗa bitamin C da kansa, saboda haka a riƙa ba shi koren tattasai marar yaji kullum, da ɗan yankin gwaba jefi-jefi.